Abincin da Ba Ya Tsaraba: Nazari Kan Kwaɗayin Baƙin Faransa

Ka tambayi wanda ya saba zuwa Faransa me zai fara sa wa bakinsa in ya sauka. Da wuya ya ambaci girke-girken manyan gidajen abinci da ake ta kururutawa. Abin da za ka ji bai wuce burodi, man shanu, cuku da kurwasan mai siffar jinjirin wata ba, wato kayan da talakan Faris ke saye kullum da canjin aljihu. Ga ƙasar da UNESCO ta sanya tsarin walimarta cikin gadon al'adun duniya tun 2010, amma baƙonta na cikin jirgi yawunsa na tsinkewa a kan burodin da bai fi Yuro ɗaya da 'yan kai ba.

A ganina dalilin guda ne: waɗannan abubuwa ba sa tsaraba. Mu mun san abincin da aka yi domin hanya. Kilishi da dambun nama da cukun Abzinawa sukan yi makonni a jaka ba su canza ba, don haka mai kewar su aike kawai zai yi. Abin da baƙon Faransa ke marmari kuwa ɗan'uwan waina ne da ƙosai, ana cinsa ne a bakin tanda. Wanda ya so shi dole ya taka da ƙafarsa, kuma wannan tilas ɗin ce ke hura kwaɗayin.

Dogon burodin nan, baget, shi ne kan gaba. A 1993 gwamnatin Faransa ta fitar da doka kan burodin da ya cancanci a kira shi na gargajiya. Tushensa fulawar alkama ce da ruwa da gishiri da yis ko tsamin kwaɓi, ba a zuba masa sinadaran hana lalacewa, ba a kuma daskarar da shi. Babu mai a ciki, babu sukari, saboda haka babu abin da zai riƙe masa laushi. Da safe ɓawonsa na ƙaras-ƙaras, cikinsa ramuka-ramuka, kafin dare ya fara tauri, washegari kuwa sai dai a jiƙa shi a miya. Shi ya sa Bafaranshe ke komawa gidan burodi kullum, wani ma sau biyu. Mai saye ba ya cewa a ba shi burodi kawai, yakan ce a ba shi "taradisiyon", wato na gargajiya, ya kuma faɗi ko mai gasuwa sosai yake so ko mai haske. Sannan akwai ɗabi'ar da baƙi ke saurin ɗauka: gutsire kan burodin a hanya tun kafin a kai gida. A Nuwamban 2022 UNESCO ta sa sana'ar yin baget da al'adar da ke kewaye da ita cikin jerin nata, kuma al'adar ce ta fi burodin muhimmanci.

Bahaushen Nijar ba baƙon wannan burodi ba ne. Mulkin mallaka ya bar shi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, yana nan a teburin mai shayi. Na Kano ko Kaduna, wanda ya tashi da lallausan burodi mai zaƙi irin wanda aka gada daga Ingila, karon farko yakan ce an sayar masa da sanda. Ko wannan kaɗai ya nuna cewa kwaɗayin nan na mai komawa ne. Wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba son gani yake yi, ba kewa ba.

Cuku kuma doka ce ta tsare shi a gida, ba gajeren rai kaɗai ba. Camembert na ainihi daga Normandi da ɗanyar madara ake yinsa, wadda ba a dafa ba, Amurka kuwa ta hana sayar da cukun ɗanyar madara da bai kwana 60 ba. Don haka Ba'amurken da ya san daɗinsa sai ya haye teku. Roquefort, na madarar tumaki mai koren jijiyoyi, a kogunan ƙauyen da ya ba shi suna yake nuna, kuma tun 1925 doka ta kare sunan. Gaskiya warin wasu daga ciki kan kori mutum daga ɗaki. Amma mu da muke sa daddawa a miya muna lashe hannu, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Inda nake ganin baƙo ya fi ruɗuwa shi ne kurwasan. Da farko ma asalinsa ba na Faransa ba ne. Wani ɗan Ostiriya mai suna August Zang ne ya buɗe gidan burodi irin na Biyana a titin Richelieu na Faris a ƙarshen shekarun 1830, daga nan Faransawa suka ɗauki siffar jinjirin watan, daga baya suka mai da ita kwaɓi mai ninki-ninki da man shanu. Har yau wannan rukunin kayan tanda da sunan Biyana ake kiransa. Wannan ba aibi ba ne. Aibin yana ga ciniki: dokar 1998 ta ce ba wanda zai kira shagonsa gidan burodi sai in a wurin yake kwaɓawa yana gasawa, amma burodi kaɗai ta shafa. Kurwasan ɗin da ke gefe yana iya zama na masana'anta, an kawo shi a daskare an gasa. Baƙo ya ci, ya lumshe ido, ya ce babu kamarsa a duniya. Abin da yake ɗanɗana a lokacin rabinsa gajiyar hanya ce da murnar isowa. Masana kan duba siffa, domin bisa al'ada miƙaƙƙen shi ne na man shanu zalla, lanƙwasasshen kuma na majarin, ko da yake ba kowane shago ke bin wannan ba.

Su waye ma ke gasa burodin da ake yi wa kirarin Faransa? Tun 1994 birnin Faris ke shirya gasar baget kowace shekara, wanda ya ci kuma shi ke kai burodi fadar shugaban ƙasa ta Elysee tsawon shekara. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya cinye ta sau biyu, a 2010 da 2015. A 2018 Mahmoud M'seddi ne, ɗan asalin Tunisiya, a 2023 kuma Tharshan Selvarajah daga Siri Lanka. Aiki ne na tashin tsakar dare, kuma baƙin da suka zauna a ƙasar da 'ya'yansu sun riƙe shi da kyau. Hotunan masu yawon buɗe ido ba sa nuna wannan.

Musulmi kuma nasa kwaɗayin da linzami yake tafiya. Sanwicin da ya fi shahara a Faris baget ne da man shanu da naman alade. 'Yan gutsattsarin alade kan ɓuya a cikin salak da gasasshen kwaɓi mai ƙwai da ake kira kish, sannan shahararren dahuwar naman sa ta Burgundi da jan giya ake yin romonta. Burodin gargajiya dai babu abin tsoro a cikinsa, mahautan halal kuma suna nan birjik a unguwannin Barbes da Shato Ruj. Mai karatu, in Allah ya kai ka, ka tambaya kafin ka ci, kuma kada ka ɓata kuɗinka wajen sayo baget don tsaraba. Kafin jirgi ya sauka a Yamai ko Kano ya zama itace.