Yayin Ƙananan Akwatunan Kifin Teku da Nauyin da Ke Kan Sabon Shiga

Kiwon kifin teku a cikin akwatin gilashi domin ado da nazari, wanda ya daɗe a hannun gidajen adana dabbobi da tsirarun masu hali, ya zama a 'yan shekarun nan abin da ake tallata wa kowa a Amurka da Turai da Japan, kuma salon da ya fi tashe shi ne ƙaramin akwatin da ake kira nano, wato wanda ruwansa yakan tsaya tsakanin lita 40 da 100, wanda ake sayarwa haɗe da fitila da famfo da matata a kwali ɗaya. Hujjar masu tallan ita ce ƙaramin akwati ya fi araha, ba ya cin wuri, don haka shi ya dace da mai koyo. Wannan hujja tana da daɗin ji, amma duk wanda ya dubi yadda ruwan gishiri yake aiki zai ga cewa ta juya al'amarin ne a baibai, domin ƙaramin akwati shi ne mafi wuyar riƙo, kuma dabbobin da ke cikinsa ne suke biyan kuɗin koyon mai shi da rayukansu.

Ba yau aka fara irin wannan ɗoki ba. A Landan, tun daga 1846, Anna Thynne ta riƙe murjani mai rai na tsawon shekaru, murjani kuwa ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gida na dutse a ƙasan teku, kuma ta yi nasara ne saboda ana kwarara ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan da hannu domin iska ta shige shi. Bayan gidan zu na Landan ya buɗe ɗakin kifinsa a 1853, Philip Henry Gosse kuma ya fitar da littafinsa a 1854, sai ajiye dabbobin teku a falo ya zama yayi a Ingila, amma yayin bai daɗe ba ya lafa, saboda yawancin masu saye sun ɗauki akwatin sun bar wahalar. Sai a shekarun 1970 masu wannan sha'awa a Balin ta Jamus suka daidaita hanyar da ake bi har yau, wadda ta dogara ga dutse mai rai, wato dutsen teku mai ramuka da ƙwayoyin bakteriya suka zauna a cikinsa, da haske mai ƙarfi, da na'urar da ke kaɗa ruwa ya yi kumfa ta kwashe dattin da ke narke a ciki kafin ya ruɓe.

Matsala ta farko ita ce gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma wannan gishiri ya bambanta da na miya, domin haɗi ne na sinadarai da dama da suka ƙunshi kalsiyam da magniziyam, wanda ake sayowa a buhu a dama da ruwan da aka tace sarai. Dabbobin da ke zaune a duwatsun murjani sun saba da ruwan da kusan ba ya canjawa, alhali akwatin da ke cikin ɗaki kullum ruwansa yana tashi a matsayin tururi, gishirin kuwa ba ya tashi tare da shi. Lissafin a bayyane yake: idan akwati mai lita 40 ya rasa lita biyu, gishirinsa zai hau daga giram 35 zuwa kusan 37 a kowace lita, amma akwati mai lita 200, ko da ya rasa lita huɗu, ba zai kai giram 36 ba. Shi ya sa ake cike gurbin abin da ya ƙafe da ruwa maras gishiri, kuma shi ya sa mantuwar kwana biyu, wadda babban akwati zai shanye ba tare da kifi ya ji a jikinsa ba, takan zama ajali a ƙarami. Haka abin yake ga zafi, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, haka ga ragowar abinci, haka ga kifi ɗaya da ya mutu a bayan dutse ba a gani ba har ya gurɓata ruwan. Sabon shiga shi ne ya fi kowa yin kuskure, saboda haka shi ne ya fi kowa bukatar yawan ruwan da zai yafe masa.

Matsala ta biyu ita ce lokaci, kuma a nan ne yayin ya fi yin ɓarna. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, amoniya kuwa guba ce ko da kaɗan ce, kuma abin da ke kawar da ita shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda ba shi da kaifin na farko, kuma ana rage shi ta hanyar canja wani kaso na ruwan a kai a kai. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita a sabon akwati, kuma a tsawon wannan lokaci abin da mai akwatin zai yi shi ne ya zuba ɗan ruwa a ƙaramar kwalbar gwaji, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya kwatanta launin da katin da ke hannunsa, har ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili. Masu kiwon tarwada sun san warin ruwan da ya lalace da yadda kifi ke tasowa sama yana haki, sai dai tarwada tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye da juriyar da kifin murjani bai mallaki ko kusa da ita ba. Hotunan da ke yawo a YouTube da Instagram suna nuna akwatin da ya shekara biyu yana ƙyalli, ba sa nuna makonnin da ya yi babu komai a cikinsa sai dutse da gansakuka mai ruwan ƙasa, sabon shiga kuwa yakan ɗauki wannan mummunan mataki a matsayin gazawa, ya yi ta ƙara kifi da magunguna, sauri ya haifi nawa.

Adalci ne a faɗa cewa yayin yana da abin yabo. Fitilun LED sun rage zafi da cin wuta, bakteriyar da ake sayarwa a kwalba takan rage jira, kuma akwai ƙwararrun da ke riƙe murjani cikin ƙoshin lafiya a lita 30. Amma abin da ya yiwu ga wanda ya shekara goma yana karanta ruwa bai zama hujjar miƙa shi ga wanda bai taɓa auna gishiri ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne tambayar inda kifin ya fito. Yawancin kifayen ado na ruwan daɗi a gona ake ƙyanƙyashe su, amma yawancin nau'o'in kifin teku har yanzu daga duwatsun murjani ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifins, inda tun shekarun 1960 wasu masunta suke fesa gubar sayanaid a cikin ramukan murjani domin kifi ya sume a ɗauke shi cikin sauƙi, dabarar da doka ta haramta amma ba ta mutu ba, wadda ke kashe murjanin ta kuma bar kifin da ciwon da zai iya kashe shi bayan ya isa gidan mai saye. Kifin kadinal na tsibiran Banggai, wanda asalinsa babu shi a ko'ina sai wannan ɗan yanki na Indunusiya, ya shiga jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2007, kuma cinikin kifin ado na cikin manyan dalilan. Idan aka san wannan, to kowane kifi da ya mutu saboda gaggawa aka kuma sayi wani a madadinsa, asararsa ta wuce aljihun mai akwatin. Abin farin ciki shi ne mafita tana nan. Kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sanar da duniya, an daɗe ana ƙyanƙyashe shi a gona, ya saba da abincin gwangwani, kuma yana rayuwa lafiya ba tare da animoni ba, wato dabbar nan mai kama da fure da yake fakewa a cikinta a teku, wadda bai kamata mai koyo ya saya ba. Shuɗin kifin da ya fito tare da shi a fim ɗin kuwa, wanda sai a 2016 aka fara samun nasarar ƙyanƙyashe shi a Jami'ar Florida, yakan kai kusan santimita 30, yana bukatar filin iyo mai faɗi, kuma sanya shi a ƙaramin akwati zalunci ne ko da yana ɗan tsako aka sayo shi.

Akwai kuma ƙa'idar da sabon shiga yake tsallakewa saboda tana neman akwati na biyu, wato killace kowane sabon kifi na wasu makonni kafin a haɗa shi da sauran. Cutar farin ɗigo, wadda ke bayyana kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, takan bazu cikin kwanaki, kuma maganinta da aka fi amfani da shi yana ɗauke da tagulla, wadda ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, don haka ba a iya zuba shi a akwatin da sauran dabbobin suke ciki.

Ga mai karatu da ke Kano ko Zariya ko Maraɗi, wanda ya ga waɗannan hotuna zuciyarsa ta kwaɗaitu, akwai ƙarin sharuɗɗa biyu da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. A watannin bazara zafin gari yakan kai digiri 40, murjani kuwa yakan fara kore gansakukar da ke ciyar da shi ya yi fari idan ruwa ya daɗe a wajen digiri 30, saboda haka na'urar sanyaya ruwa wajibi ce. Idan kuma wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan ɗumi takan ƙare cikin sa'o'i, wanda ke nufin cewa batir da sola suna gaba da kifi a jerin sayayya.

Hanyar da ta dace da mai farawa ita ce akwatin da bai gaza lita 150 ba, da dutse da yashi da ruwan da aka bari ya nuna, da kifi biyu ko uku da aka tabbatar a gona aka haife su, a ɗage maganar murjani har sai ruwan ya yi watanni yana ba da sakamako iri ɗaya. Wanda kuɗinsa ko wutarsa ko lokacinsa bai kai ga wannan ba, ya fara da kifin ruwan daɗi, ya bar na teku a tekunsa har ranar da ya shirya.