Littafin Buki, Kwanon Jere da Jar Akuya

Ranar da gwaggona ta aurar da autarta, a wani ƙauye da ke gefen Cadawa cikin gundumar Agye, ni aka ɗora wa riƙon littafi, don ni ce na yi lakwal. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, aka ajiye tasa a gabanta, ni kuma ina daga hannun dama da biro da wani tsohon littafi wanda bangonsa ya sha mai. Mace ta shigo, ta yi barka, ta kwance bakin zane, ta zube abin da ta zo da shi.

"Rubuta, ɗiyata," in ji gwaggo cikin raɗa. "Jika biyu. Jika guda na kai mata ranar sunan jikanta, kin ga ta ninka."

Can wata ta ajiye dala ɗari da sandar sabulu, kanta a sunkuye. Gwaggo ta ɗaga murya ta sa mata albarka fiye da yadda ta sa wa mai jika biyun. Bayan ta fita ta ce mini, "Bana ayarta ba ta yi ba. Rubuta mata, kada ki rage ko dala." Da la'asar ta sa na karanto mata sunayen duka, tana lissafi da yatsu. Ba waɗanda suka zo take nema ba. Mutum biyu take nema da ba su zo ba, ba su kuma aiko ba.

Wanda ya tsaya daga bakin ƙofa zai ce ana ba da kyauta. A ƙasar Maraɗi, daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, kalmar buki ma'ana biyu gare ta: shagalin kansa, da kuma wannan kuɗi ko kaya da mace ke kai wa ƴar'uwarta da sharaɗin da ba a faɗi, wato za a mayar mata ranar nata, kuma da ƙari. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ninki. Na kai miki ɗaya, ki kawo mini biyu, in kai miki huɗu, har abin ya yi nauyin da ba mai iya ɗauka, sai a yi shawara a karya shi a koma ƙasa a sake farawa. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin irin wannan ƙawance. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya fitar da littafi sukutum a 1986 kan yadda kyauta da ciniki ke cuɗanya a wannan ƙasa. Abin da su biyun suka gani shi ne abin da ke cikin littafin gwaggona: mace tana ajiya ne a hannun mutane. Ba ta da banki, ba ta da rumbun da miji ko fari ba za su taɓa ba, sai ta rarraba ɗan abin da take samu a gidajen suna da na aure shekara goma sha biyar, ranar da ɗiyarta za ta tafi ɗaki ta tattaro shi a yini guda.

Ina kuɗin ke zuwa? Nan ne masu wa'azin tsimi suka fi yin tuntuɓe, domin sukan haɗa kuɗin aure duka su zuba a kwando ɗaya su kira shi almubazzaranci. Alhali kowane da mai shi. Sadaki da lefe daga wajen ango suke fitowa. Kayan ɗaki da gara kuwa nauyin gidan amarya ne, kuma a ƙauyukanmu rabo mafi tsoka a wuyan uwa yake sauka. Gara ana cinye ta a gidan miji. Kayan ɗaki ba a cinye su. Mallakar amarya ne ita kaɗai, in aure ya mutu da su take fita, kuma duk wanda ya san yawan sakin da ake yi a ƙasar Hausa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Uwar da ta ƙi sayen sabon zane shekara uku don ta cika jeren ɗiyarta, gado take raba mata tun tana da rai, ta hanyar da ba sai an je gaban alƙali ba.

Kayan kansu sun sha sauya kama. Kakanninmu da ƙore aka kai su ɗaki, masu zane da sassaƙa, da zaren da uwa ta kaɗa da hannunta aka ba masaƙi, da tabarmi da tukwane. Barbara Cooper, Ba'amurkiyar da ta rubuta tarihin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989 a littafinta na 1997, ta nuna cewa irin waɗannan kaya shaida ne na yawan hannuwan da ke bayan yarinya: wa ya noma audugar, wa ya kaɗa, wa ya fafe duman. Har akwai bikin kan ƙwarya, wanda macen da ta tara abin hannunta ke yi, ta rabar da dukiya a gaban jama'a a kira ta tambara, kwatankwacin bikin dubu da ke ba namiji sarautar noma. Da kuɗin gyaɗa ya shigo a shekarun 1950 da 1960, sai tasoshi da kwanonin fenti suka ture ƙwarya, gadon ƙarfe ya ture na kara. Bayan farin shekarun 1970 ya karya gyaɗar, fataucin iyaka da Najeriya ya ɗauki ragamar, kaya suka ci gaba da kwararowa daga Kano da Katsina ta Jibiya. Yau yarinyar Tsibiri ko Gangara ta ga ɗakin amaryar birni a wayar yayanta, ta san sunan kowane irin gado da kabad da kujera.

Tsofaffi kan ce abin ya lalace saboda ya yi yawa. Ni a ganina yawan ba shi ne ciwon ba. Kwanon jere, duk da ana yi masa dariya cewa ba a cin tuwo a cikinsa, kuɗi ne a kife. Ana iya zare saiti ɗaya a ba dillaliya ba tare da ɗakin ya nuna ba. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a nan jihar Maraɗi, gidaje da yawa da irin wannan zare-zare suka kai kaka: yau kwano, gobe zane mai tsada, jibi akuya. To, a gwada haka da gadon garin katako da aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ba ya rabuwa gida-gida. In damina biyu ta ratsa ɗakin ƙasa, ya kumbura, gara ta shiga, ko an kai shi kasuwa ba mai taya shi rabin kuɗinsa. Uwa ta kwashe ajiyar shekara goma sha biyar daga hannun mutane, ta zuba ta cikin abin da ba zai kai yaye na biyu ba. Ga asarar, kuma ba na jin an taɓa yi mata huɗuba.

Shi ya sa har gobe ban ga kyautar aure da ta kai jar akuya ba, irin tamu ta Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Tana yawan haifar tagwaye, tana ba da nonon fura, ba ta neman komai sai harawa da dusa. Aibinta ɗaya: ba ta fitowa a hoto, kuma ƴan ganin ɗaki ba sa leƙa turke.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan zurfi, wato ina uwa ke samo abin da take kaiwa buki tun farko. A da amsar tana gona. Gandu na maigida ne, amma kowace mace tana da gamanarta, inda take shuka gyaɗa ko wake ko riɗi ko aya, amfanin kuma nata ne. Kudancin Maraɗi na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun yi ta rabuwa tsakanin magada har suka koma kamar tabarmi, kuma in ƙasa ta yi kaɗan gamanar mace ce ke fara tafiya. Marthe Doka da Marie Monimart sun rubuta wannan a 2004, suka ambaci abin da mutane ke kira kublin gona: mace ba a kulle take a gida ba, tana zuwa rijiya tana zuwa kasuwa, gona kawai aka hana ta, a ce addini ne, alhali filin ne babu. Macen da ta rasa gamana ta koma kan tuyar ƙosai, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗan kiwo. Kuma wa ke kai tallan? Ita dai yarinyar da ake tara wa kayan ɗakin. Sau da yawa farantin talla ne ke fitar da ita daga aji, ba wai uban ya ƙi boko ba. Wannan ɓangare na al'adar ba ni da bakin kare shi.

Hukuma ta gwada nata. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an ƙayyade sadakin budurwa kada ya wuce jika hamsin. Mutane suka ce to, suka faɗi jika hamsin a gaban liman, sauran ya bi ta ƙofar baya da wasu sunaye. Daga baya wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙetaro Maraɗi, ya yi kaca-kaca da kiɗa da roƙo da kashe-kashen kuɗin buki, samari ƴan kasuwa kuwa suka karɓe shi hannu biyu, ba sai an faɗi dalili ba. Duka biyun aljihun namiji suka duba. Ba wanda ya ce wa uwar ɗiya ga inda za ki ajiye kuɗinki in kin daina kai su gidan suna.

Wanda ya zo kusa da amsa wannan shi ne asusun Mata Masu Dubara, kuma a nan jihar Maraɗi aka haife shi, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shi ta hannun wata ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes. Ba a kawo wa matan ko dala ba. Mata ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, a kulle a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a fasa a raba. Bambancinsa da adashi shi ne ba sai kin jira kwasarki ta zo ba, kuma kuɗin yana haihuwa. Wasu malamai sun yi magana kan ƙarin, har yanzu ma ana yi. Tsarin dai ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har masana na zuwa koyonsa, amma duk wadda ta taɓa riƙe littafin buki ba za ta ga baƙon abu a cikinsa ba: amana ce tsakanin mata da suka san sirrin tukunyar juna, aka ƙara mata kwaɗo. Asusun bai kashe buki ba. Sau nawa mace ke ranta daga akwatin ran Talata don ta fita kunyar ƙawarta ran Juma'a.

Matan da suka iya tattali, in ka lura da su, ba su da wani sirri sai lokaci. Tun yarinya na shekara bakwai ake fara sayen kwano ɗaya-ɗaya ana turawa ƙarƙashin gado. Ana saye da kaka, lokacin da aya da wake suka shigo hannu, ba a jira sai an sa rana dillalai sun ji ƙamshi. Ana sauke rabin jeren uwa a wanke da toka a haɗa da sabo. Ana kasa kunne ga canjin naira da sefa kamar yadda manomi ke duban hadari, domin mafi yawan kayan daga kudu suke zuwa: in naira ta faɗi, mai sefa ta yi dariya a Jibiya. Waɗanda suka jira ranar ƙarshe sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka sake rufewa har Maris na 2024. Iyayensu ma sun ga irinta a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya.

Abin da ke cin kuɗi ba ya barin komai, a lissafina, anko ne. Atamfar da aka tilasta wa mace saya don yini ɗaya ba ta shiga littafi, ba a ninka mata ita, ba ta zama jarin amarya. Kuma ita ce ke hana matalauciya zuwa, don ta fi jin kunyar shiga taro da zane daban fiye da kunyar ajiye dala ɗari a tasa. Ɗaya daga cikin mata biyun nan da gwaggona ta nema ba ta gani ba, daga baya muka ji abin da ya zaunar da ita ke nan. Gwaggo ta ɗauki goro da ɗan cincin ta bi ta har gida, ta dawo ta ce in buɗe littafi in rubuta sunanta, in bar gaban sunan fili.

Gwaggo ta rasu shekara huɗu bayan wannan aure. Da aka zo rabon kayanta, ba wanda ya kula da littafin sai autar, ta ɗauke shi ta sa a ƙasan akwatinta. Bara na je ganinta na tarar tana ƙulla jika huɗu a bakin zane za ta gidan suna a ƙauyen gaba. Na tambaye ta ko ƙawarta ce ta haihu.

"A'a, Yaya," ta ce. "Jikar matar nan ce mai jika biyu. Inna ba ta samu ta mayar ba."