Kalmar "Lebura" a Hausar Jaridun Da

Cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi da wuya a sami wadda ta zauna daram kamar lebura. Asalinta labourer, siffarta kuwa ta nuna ta kunne ta shigo, ba ta takarda ba, gama Turawan Ingila ba su furta harafin r na ƙarshe, Bahaushe kuma abin da ya ji shi ya maimaita. Haka direba da masinja da kafinta su ka shigo. Sa'an nan aka yi mata jam'i irin na gida, leburori, aka kuma fid da leburanci daga jikinta.

Wanda ya san Kaduna ta hayin kogi, wajen Makera da Kakuri, ya san irin wurin da kalman nan ta yi ƙiba. Hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, daga baya hanyar Fatakwal ta zo ta haɗu da ta Ikko a tashar kudancin kogin. Duk da hannun mutane aka yi. Saboda haka sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ta tarad da kalmar a bakin kowa, ba ita ta ƙago ta ba.

Abin dubawa shi ne aikin da ta yi bisa takarda. Hausa ba ta rasa ɗan ƙwadago ba, watau wanda ya yi jinga, ya yi noma ko yaɓe, ya karɓi ladansa ya tafi. Lebura ba sunan sana'a ba ne, sunan mataki ne a takardar biyan Bature: akawu a sama, heluma a tsakiya, shi a ƙasa, ana lissafa masa kwana. Marubucin labari, wanda sau da yawa sanarwar Gwamnati ya ke juyawa daga Turanci, ya ɗauko kalmar tare da matakin nata. Akawu a kan ambace shi da suna, leburori sai da adadi.

Babban aibinta a ganina shi ne ba ta rarrabe wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka koro. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos. A Hausar ofis su ma leburori ne. Talakawa kuwa su ka ce ɗiban gwamna, sunan da ya faɗi wanda ya ɗiba. Malamin da ke karanta wa ɗalibai tsohuwar jarida ya kamata ya tsaya nan ya tambaye su wane lebura ake nufi.

Ba kuwa a ce harshen ne ya gaza ba. Dubi yajin aiki, abin da aka gani a 1945 da 1964. An ɗauko yajin matar aure, wadda ta tafi gidansu tana jiran biko, aka ɗora wa ma'aikata, ma'anar ta fito sarai, har da sa ran shiri.

Da aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957 sai kalmar ta fara ƙunci. Mai tsaron injin saƙa ba ya haƙa, ba ya dako, ya koyi aiki, ba ya kuwa yarda a kira shi lebura. Nan masaƙa, wadda da wurin zaman masaƙi ce, ta zama sunan babban gidan injuna, mutanen ciki su ka zama ma'aikata. Kamfanin ya rufe a 2002, amma sunan bai koma ba: har yanzu tsofaffin ma'aikatan masaƙa ake ce musu, lebura kuwa ya saura a wurin gini, da kwanon siminti a ka.