Mahaɗar Ƙarfe da Icce: Nazari a Kan Bindigar Toka a Tasawa da Mayahi

Bindigar toka aikin sana'a biyu ce: ƙarfen na maƙeri, iccen na masassaƙi. Sai dai mahalbin da ya san kanta, in an miƙo masa ita, abin da yakan fara yi shi ne ya girgiza ta kusa da kunne. In ya ji motsi tsakanin ƙarfe da ƙota, ciniki ya mutu, kome kyan adonta.

Wannan ma'auni yana da tushe a tarihi. A da, Tasawa zango ce a hanyar ayarin Agadas zuwa Katsina da Kano. Ta nan Heinrich Barth ya bi a Janairun 1851. A gabas da ita, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi daga fataken arewa, ya sa maƙeransa haɗa albarushi da zubin igwa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara. A 1899 kuwa, rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa yankin da ɓarna har Dankori da Maijirgi, mutane suka ga ratar da ke tsakanin makaman biyu. Tun daga nan tsohuwar bindiga ta koma ta farauta da ta hawan Salla. Ƙarfenta kan yi shekaru, ƙotar ce ke tsagewa ko gara ta ci, don haka gwanintar da ta bunƙasa a karkara ita ce ta sake wa tsohon ƙarfe sabon icce.

A nan ne aikin ya rabu da na fartanya. Maƙeri kan gasa wutsiyar fartanya a gawayin ƙirya, ya cusa ta cikin ƙota, wuta ta yi mata gurbi. Bindiga ba ta yarda da wannan gaggawa ba, domin iccen da ya ƙone ba ya riƙo. Dole masassaƙi ya rarake gurbin kaɗan-kaɗan, yana gwadawa yana cirewa, har ƙarfe ya kwanta daram, kunama kuma ta samu wurin motsi. Ana son icce mai tauri wanda ya bushe sarai, irin aduwa, saboda ɗanye yana motsewa da hunturu, zobban da suka ɗaure shi su saki. Shi ya sa ake naɗa jiƙaƙƙiyar fata a wuraren da ake jin tsoro: in ta bushe sai ta matse. Baƙo kan ɗauka ado ce, alhali gyara ce, ko da yake mahalbi kan ƙara laya a kanta.

Sana'ar tana da rauninta. Ma'auninta ido ne da hannu, babu wurin gwajin ƙarfe irin wanda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1813. Ƙota mai kyau tana iya rufe tsatsar da za ta fashe a hannun mai harbi. Ga shi manyan itatuwa sun yi ƙaranci a kwarin Gulbin Kaba, namun daji sun ja baya, matsalar tsaro a kudancin jihar Maradi kuma ta sa ana yi wa duk mai taɓa bindiga kallon zargi.

Abin da ya cancanci adanawa shi ne ilimin haɗin. Masu nazarin al'adu sun fi mai da hankali ga kirarin mahalba da tsafinsu; ya kamata su zauna da tsofaffin maƙera da masassaƙa su rubuta yadda suke zaɓen icce da lokacin saransa, tun da sauran masu iya bayani.