Daga Farautar Dodo zuwa Karo da Mutum: Nazari kan Gumurzu a Wasannin Intanet

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da dubban mutane suke shiga duniya ɗaya ta intanet a lokaci guda, kowa da jarumin da yake sarrafawa. Mutum zai raini jaruminsa tun yana riƙe da sanda har ya zama barde mai sulke da takobi. Irin su World of Warcraft da RuneScape da EVE Online da Albion Online ke nan. Kusan kowa yana soma rayuwarsa a ciki ne da farautar dodannin da kwamfuta take juyawa, ya tara kuɗi da makamai, ya fara jin ya isa. Ranar da ya tsallaka wata iyaka a taswira ya yi kiciɓis da jarumin da ɗan Adam yake riƙe da linzaminsa, sai ya faɗi kafin ya gane abin da ya same shi. Wannan gumurzu na mutum da mutum shi ne 'yan wasa suke kira PvP, kuma a bakin ƙofarsa ne mutane da yawa suke juyawa. Abin da nake son nunawa shi ne, saurin yatsa ƙaramin abu ne a wannan sauyi. Babban aikin shi ne koyon karantar mutum da koyon haƙuri da asara, kuma wasan da bai shimfiɗa wa baƙo hanyar koyon waɗannan biyu ba yana korar jama'arsa da hannunsa.

Tushen al'adar

A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Rubutu ne zalla, babu hoto, amma tun a nan 'yan wasa suke iya far wa juna. A 1996 Bartle ya kasa masu irin wannan wasa gida huɗu: masu son tara nasara, masu son yawon gano wurare, masu son hira da zumunci, da masu son danne wasu. Ya kuma lura cewa idan rukuni na huɗu ya yi yawa, masu zumunci suna watsewa.

Ultima Online, wanda ya fito a 1997, shi ya gwada wannan a aikace. A wajen gari babu mai tsare ka. Mai haƙar ma'adinai zai wuni yana tara ƙarfe, a hanyar komawa a tare shi a kashe, a kwashe duk abin da yake jakarsa. Tun lokacin gwajin wasan ma wani ɗan wasa ya kashe Lord British, jarumin Richard Garriott mai wasan kansa, a tsakiyar taro. Kamfanin ya gwada sanya wa masu yawan kisa jan suna don a gane su daga nesa, abin bai tsaya ba. A shekarar 2000 aka raba duniyar biyu: Trammel, inda ba a taɓa kowa sai da yardarsa, da Felucca, inda aka bar tsohuwar doka. Jama'a suka tuɗaɗa Trammel. Duk wasan da ya biyo baya ya gaji wannan tambaya: yaya za a bar haɗari ya zauna ba tare da ya cinye sababbin shiga ba?

Ɗabi'un da dodo yake koyarwa

Dodo yana bin tsari. A World of Warcraft, ƙungiyar da za ta shiga kogo takan ƙunshi mai tare bugu, da mai warkarwa, da masu kai hari. Mai tare bugu yana da dabarar jan hankalin dodo, sai dodon ya tsaya yana dukan sulke alhali sauran suna sassara shi ta baya. Babban dodo ma yana da jadawali: ya hura wuta a lokaci kaza, ya buga ƙasa a lokaci kaza. Wanda ya haddace jadawalin, ya haddace jerin maɓallan da zai danna, ya gama.

Mutum ba ya bin jadawali. Zai wuce mai sulken ko kallo bai ishe shi ba, ya nufi mai warkarwa kai tsaye, domin ya san idan wannan ya faɗi sauran sun zama nama. A ɗauki filin Arena da aka shigo da shi wasan a 2007, inda ake karawa biyu da biyu ko uku da uku. Mai warkarwa ya laɓe bayan ginshiƙi don kada a hango shi. Matsafin abokan gaba ya fara haɗa tsafi, sai ya katse da gangan. Sabon shiga ya yi garaje ya kashe dabararsa ta katse tsafi a kan iska, kuma sai ya jira kafin ta dawo. A wannan ɗan tsakanin ne tsafin gaskiya zai sauka. Haka kuma kowa yana da abin kwance ɗauri guda ɗaya da ba ya dawowa sai bayan 'yan mintuna. Gwani zai ɗaure ka da ƙaramin tarko don ka ɓarar da shi, sannan ya kawo babban. Ashe lissafin da ake yi a nan na abin da ya rage a hannun abokin karawa ne, da abin da yake zaton ya rage a naka.

Shi ya sa ƙwarewa a farautar dodo takan zama cikas. Wanda ya saba tsayawa wuri ɗaya yana danna jerin maɓallai, idonsa a kan lambobin ɓarnar da yake yi, dole ya kwance wannan saƙa. Zai koyi kallon fili gaba ɗaya, ya san dabarun kowane irin jarumi har da waɗanda bai taɓa riƙewa ba, ya kuma yarda cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A wajen dodo gudu ɓata lokaci ne. A wajen mutum, sanin faɗan da ba naka ba shi ne rabin ilimin.

Nauyin asara

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A RuneScape akwai dajin arewa da ake kira Wilderness. Wanda aka kashe a ciki yakan tsira da kayansa uku mafi tsada kawai. Idan kuwa shi ya fara kai hari, alamar ƙoƙon kai za ta bayyana a kansa, in ya faɗi ya rasa har waɗannan ukun. Masu wayo sukan yaudari baƙo ya danna su bisa kuskure don alamar ta hau kansa. A EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, jirgin sararin samaniyar ɗan wasa da aka farfasa ya tafi ke nan. A watan Janairun 2014 aka yi yaƙin B-R5RB, wanda ya ɗauki kusan awa 21, aka hallaka manyan jiragen Titan guda 75, aka ƙiyasta ɓarnar da kimanin dala 300,000. Mafarin duk wannan shi ne kuɗin riƙe yanki da wata runduna ba ta biya a kan lokaci ba.

Inda asara take da gaske haka, jiki yana amsawa da gaske. 'Yan wasan EVE sun san rawar hannu da bugun zuciyar da suke kama mutum a faɗansa na farko, har ya manta da maɓallin da ya danna sau dubu. Daga nan wata cuta take tasowa: mutum ya tara kaya masu kyau ya kasa fita da su don tsoron rasawa. Maganin da tsofaffin hannu suka gano ɗaya ne a duk wasannin, wato kada ka fita da abin da ba za ka iya jure rashinsa ba. Ka sayi jirage masu araha da yawa, ko sulke mai sauƙin kuɗi, ka fita da niyyar rasa su. Bayan kowace faɗuwa ka tambayi kanka a wane lokaci faɗan ya kuɓuce. Sau da yawa za ka tarar tun kafin bugun farko ne: ba ka duba taswira ba, ko ka bi wanda ya yi kamar yana gudu har ya kai ka inda abokansa suke kwanto.

Katanga ko matakala

Masu ƙera wasanni sun bi hanya biyu. Ta farko katanga ce, irin ta Trammel. World of Warcraft ma a 2018 ya mai da faɗan fili zaɓi, kowa ya kunna ko ya kashe. Katanga tana kare mutum, amma ba ta koya masa komai, kuma tana iya rage wa duniyar armashi. Kamfanin Jagex, mai RuneScape, ya soke kisan sake a Wilderness a Disambar 2007 don yaƙar masu sayar da kuɗin wasa da kuɗin gaske. 'Yan wasa ba su daina ƙorafi ba har aka yi ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 suka nemi a dawo da shi, aka dawo da shi a Fabrairun 2011.

Hanya ta biyu matakala ce, kuma ita nake ganin ta fi. Albion Online, na wani kamfani a Berlin, ya rarraba ƙasarsa da launi. A shuɗin yanki babu faɗa. A rawaya ana iya kayar da kai amma ba a kwashe kayanka. A ja da baƙi, wanda ya faɗi ya bar komai. Wilderness ma hawa-hawa ne: a bakin daji sai sa'anka a ƙarfi zai iya taɓa ka, kana nutsawa tazarar tana buɗewa. Guild Wars 2 kuwa yana daidaita kayan kowa a filin gasarsa, don kada tsufa a wasa ya rinjayi iyawa. A EVE, 'yan wasa da kansu suka kafa EVE University tun 2004 don koyar da baƙi. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san wannan hikima: yara ne suke buɗe fili da sa'o'insu kafin manya su shigo, ba a haɗa ɗan koyo da wanda ya yi suna a daren farko.

Kammalawa

Ba komai ne yake wuyan kamfani ba. Mai babban jarumi da yake zuwa yankin ƙanana, irin dajin Stranglethorn a World of Warcraft, ya kashe ɗan koyo ya tsaya a kan gawarsa yana jiran ya tashi ya sake kashe shi, cin zali yake yi, kuma yana rage yawan waɗanda zai kara da su gobe. Ɗan wasan da yake shiga daga Kano ko Yamai yana da ƙarin nauyi, domin na'urorin da suke ɗauke da waɗannan wasanni galibi suna Turai ko Amurka ko Asiya, umarninsa yana isa a makare kaɗan. Ya fi masa ya zaɓi na Turai, ya kuma riƙi matsayin da ya dogara da tsari da haɗin kai fiye da ƙiftawar ido.

Ga mai shirin tsallaka wannan iyaka: ka shiga da kaya masu araha, ka nemi ƙungiyar da take koyarwa ba zagi, ka tashi daga kan na'ura idan ranka ya ɓaci, kada kuma ka bar wasa ya ci lokacin sallarka ko karatunka ko kuɗin cefanen gida. Ga wanda ya riga ya goge: idan ka kayar da baƙo, ka gaya masa inda ya yi kuskure. Da haka ake samun abokan karawa na ƙwarai, kuma da su ne wasan yake ɗorewa.