Hasumiyar Gobarau: aikin maginan da ba a rubuta sunansu ba

Wanda ya sha jin labarin Gobarau kafin ya je Katsina, ganin farko na iya sanyaya masa gwiwa. Tsawonta kamar mita 15 ne. Hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, ta kusa ninka ta, kuma yau a cikin Katsina akwai benayen siminti da suka ɗara ta. Masu ba da labari sukan rama da cewa da can ta fi haka nesa ba kusa ba, wai damina ce ta yi ta cin ta. Ko da ta ragu, ban ga abin da za ta yi da wannan ƙarin gishiri ba. Abin da ke tsaye ya isa a yaba.

Hawa uku ne, kowanne ya fi na ƙasansa tsukewa. Maginin ya san halin ƙasa: ba ta jure a miƙe ta sama siririya, sai an ba ta gindi mai kauri, a riƙa rage mata kaya ana hawa. Da tubali da kwaɓi da azarar giginya ya yi aikinsa, bai nemi dutse ba. Babu dagi, babu irin zanen da ke fuskar gidajen Zariya da Damagaram, kuma a ganina nan kyanta yake. Da hantsi ko la'asar sakaliya, inuwar kowane hawa takan faɗo kan na ƙasa, ginin ya yi wa kansa ado. Matakalar kuwa ba ta san gaggawa ba. Dole ka dafa bango, tafin hannunka ya ji kaushin yaɓe, ka tuna cewa wani hannun ne ya shafa shi yana ɗanye.

Ruwayar da ta fi yaɗuwa tana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci, da kuma zuwan Shehu Maghili na Tilimsan wajen 1493, ko da yake wasu masana suna ganin ta zo bayan haka. Masallacin Juma'a ne da makaranta, a garin da daga baya ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ladan ya hau ya yi kira, ɗan leƙe ya hau ya hango ƙurar mahara. Nan Bagobirin Tsibiri, a yankin Gidan Runji, zai yi murmushi in ya kai ƙoli, don sau da yawa dawakin kakanninsa ake hange. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya hau, Juma'a ta koma wani wuri, jikin masallacin ya zube, hasumiyar ta rage ita kaɗai. Tsohon gidan sarauta kuma ya yi arewa, ya kafu a Maraɗi. Don haka Bakatsinen Gazawa ko Agye da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya je ganinta, gadon gidansu ya je gani, ginin ya girmi iyakar da ya ƙetara da ɗaruruwan shekaru.

Akwai masu tsoron kada a ce ba ita ce ta asali ba, tunda an sha gyara ta. Su dubi ƙasar Sin. A birnin Yueyang, bakin tafkin Dongting a lardin Hunan, akwai wani bene na katako mai hawa uku da baƙi ke tururuwar hawa don kallon ruwa. Gobara da ambaliya da yaƙi sun sha cinye shi, siffarsa ta yanzu ta 1880 ce, amma Sinawa suna ƙirga shekarunsa tun daga ƙarni na 3. Abin da ya riƙe sunansa rubutu ne. Wani gwamna, Teng Zijing, da aka rage wa muƙami aka tura can, ya sake gina shi, ya roƙi abokinsa Fan Zhongyan ya rubuta masa wani abu. Fan ya rubuta gajeren bayani a 1046, ya siffanta tafkin a ranar hadari da ranar garau, ya ƙare da nauyin talakawa a wuyan mai mulki. Har yau 'yan makarantar Sin suna haddace shi.

A nan Gobarau ke da giɓi, kuma ba laifin magininta ba ne. Tarihinta a bakin mutane yake. Baƙon da bai dace da mai bayani ba zai hau ya sauko, ya ɗauki hoto, bai san inda sahun masallata ya tsaya ba, bai san ta wace ƙofa ake jiran abokan gaba ba. Gari ma ya matso ta, hangen da ɗan leƙe ya samu har bayan ganuwa yanzu rufin kwano ya cika shi.

Babbar barazanar ita ce gyaran da ba na gwani ba. Siminti a jikin ginin ƙasa yaudara ne: yana tsagewa, ruwa ya shiga, danshi ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki fuskarsa tana sumul. Maginan da sun yi maganin wannan da makuba ta kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. To karofi yana mutuwa a garuruwanmu, majema sun ragu, ɗorawa ma tana ƙaranci a gonaki. Mai son Gobarau ta ga wasu daminun sai ya fara da neman tsofaffin maginan da suka san wannan haɗi, a Katsina ko Maraɗi ko Tsibiri, ya zaunar da samari a gabansu tun suna iya riƙe kwaɓi.