Hatimin Halal da Aljihun Talaka

A shekarar 2014 majalisar ƙasar Indonesiya ta kafa doka mai lamba 33, wadda ta ce duk abin ci da abin sha da ya shigo ƙasar, ko a ke sayarwa cikinta, tilas ya sami takardar shaidar halal, in kuwa haram ne a rubuta a jikinsa kowa ya gani. Mutanen ƙasar sun kai miliyan 270 a ƙidayar 2020, kusan 87 cikin 100 kuwa Musulmi ne. Dokar ta sha yabo ƙwarai, ba kuwa a banza ba. Amma fa akwai wurin da ya kamata a tsaya a auna ta, watau wa ke biyan kuɗin hatimin.

Bari mu fara ba ta hakkinta. A zamanin da, mutum ya san mahaucin garinsu, ya san mai tuyar da ya ke saye wurinta, idonsa shi ne shaidarsa. Yanzu abinci daga masana'anta ya ke fitowa cikin gwangwani da leda, an gauraya shi da abubuwan da ko mai sayarwa bai san asalinsu ba. A 1988 wani malamin Jami'ar Brawijaya ta Malang, Tri Susanto, ya fitar da sunayen waɗansu kayan abinci da ya ke zaton akwai abin alade a ciki. Magana ta bazu, aka yi ta ƙari a kanta, ciniki ya faɗi. A Janairun 1989 Majalisar Malaman ƙasar ta kafa ofishin bincike, wanda ya so ya kai kayansa a duba. Sa'an nan a 2001 aka yi rikicin sinadarin ɗanɗano na Ajinomoto, da aka gane an yi amfani da wani abu na alade wajen shirya abincin ƙwayoyin da ke haɗa shi. Malaman Majalisa suka ce haram ne, Shugaba Abdurrahman Wahid, shi ma malami ne, ya ce halal ne. To, abin da ya raba kan malamai, ina mai saye a kanti zai gane shi da ido? Lalle ana bukatar masu bincike.

Aibin dokar yana wurin da ta juya ƙa'ida. Abin da malaman fiƙihu suka tafi a kai shi ne, asalin abubuwa halas ne sai dalili ya haramta. Akwai hadisin Nana A'isha cikin Buhari, inda aka yi tambaya a kan naman da waɗansu sababbin shiga Musulunci ke kawowa, ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, aka umurci masu tambaya su yi bisimilla su ci. Dokar 2014 kuwa sai ta ɗora wa mai sayarwa nauyin kawo shaida. Ga babban kamfani wannan ba komi ba ne, yana da akawu da lauya, ya biya ya zuba kuɗin cikin farashi. Amma ƙananan masu sana'a a ƙasar sun wuce miliyan 60, da yawansu masu abinci ne. Matar da ke soya ayaba a bakin hanya, Musulma ce, masu saye maƙwabtanta ne, ita ma an ce ta nemo takarda. Muhtasibi na zamanin da, mai duban kasuwa, ma'aikacin hukuma ne, shi ke zagawa ya nemi mai algus ya hukunta shi. Ba a kan tara 'yan kasuwa duka a ce kowa ya zo ya wanke kansa ba.

Gwamnati ta ga wannan. A 2017 ta kafa hukumarta ta ba da takardun, a 2020 ta buɗe wa ƙananan masu sana'a ƙofa, mutum ya shaidi kayansa da kansa a gaban wani mai taimako da aka horar, aka kuma yi ta raba takardu kyauta. Da wa'adin Oktoba 2024 ya matso, ba a kai ko'ina ba, sai aka ƙara wa ƙanana wa'adi zuwa Oktoba 2026. An rage wa talaka nauyi, gaskiya ne, amma ƙarfin hatimin ya ragu tare da shi. A 2023 wani ruwan inabi mai suna Nabidz ya sami takarda ta wannan ƙofa, aka yi ta tallarsa da sunan giyar halal, har bincike ya nuna yana da ƙarfin maye, aka soke takardar. Ko babbar ƙofar ma ba ta tsira ba: a Afrilun 2025 hukuma ta bayyana kayan abinci iri 9 da aka sami abin alade a ciki, 7 daga cikinsu na ɗauke da hatimi. Ashe hannun da aka baza a kan miliyoyin masu tuya, da a kan manyan masana'antu da kayan ƙetare aka tattara shi, da ya fi amfani.

Sai batun haraji, wanda masu yabon dokar ba su cika taɓawa ba. A Afrilun 2022 aka ɗaga harajin saye daga 10 zuwa 11 cikin 100. An yafe shi a kan shinkafa da gishiri da ƙwai da ɗanyen nama, madalla. Amma kayan da aka sarrafa, waɗanda su ne ainihin masu bukatar hatimi, suna cikin masu biya. Kuɗin bincike ya shiga farashi, haraji kuma ya hau kan farashin, mai saye ya biya duka biyu ba tare da ya ga rasit na ɗaya ba. Ibn Haldun, cikin Muƙaddima, ya daɗe da lura cewa kuɗin da a ke ɗorawa a kasuwa yakan tsada kaya, ya kuma kashe wa masu sana'a gwiwa.

Wani zai ce ai an saka wa Musulmi ta wajen zakka, tun da a ke rage masa haraji in ya biya ta hannun hukumar zakka ko ƙungiyar da aka yarda da ita. To, mu yi lissafi. A Indonesiya zakkar daga cikin dukiyar da za a yi wa haraji a ke cire ta. Mutumin da harajinsa ke kan 15 cikin 100, in ya fitar da zakkar rufiya miliyan 1, rufiya 150,000 kaɗai za a sauƙaƙa masa. A Malesiya, maƙwabciyarsu, daga harajin kansa a ke cire ta, kuɗi da kuɗi, har iyakar abin da a ke binsa. Ko wannan ma sauƙi ne na masu hali. Wanda samunsa bai kai rufiya miliyan 54 a shekara ba, ba a binsa harajin samu, saboda haka babu abin da za a rage masa, alhali kuwa duk ranar da ya sayi taliyar leda ya biya 11 ɗin nan.

Ni a ganina, hatimin halal aikin hisba ne, kuɗinsa kuwa daga baitulmali ya kamata ya fito, kamar yadda a ke biyan ɗan sanda da mai duba tsabta. Tun da Gwamnati na karɓar haraji a kan kayan nan, a ware wani kashi a yi binciken da shi, a tsananta a kan masana'antu da mayanka da tashoshin jiragen ruwa. Mai soya ayaba kuwa, in man da ta ke saye da garin da ta ke kwaɓawa sun riga sun sami hatimi daga inda suka fito, a bar ta ta yi tuyarta.